Idan haidrolik ya mutu a sama, me ke sauko da tayoyin jirgi?

Mai Kujerar Taga:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka san aikin jirgin sama, don abin ya tsaya mini a rai tun makon jiya.

Ni fasinja ne kawai, amma aiki yana sa ni yawan hawa jirgi, kuma kullum kujerar taga nake nema, wadda ke daidai fiffike. Na saba da ƙarar da ake ji in an kusa sauka: gurnani a ƙarƙashin ƙafa, sai gif, sai kukan iska ya canza. To wannan karon mun zo sauka, har rufin gidaje ya fara girma a idona, ban ji gif ɗin ba. Sai jirgi ya ƙara wuta ya koma sama. Muka yi ta kewaya wajen minti 25. Kyaftin ya yi magana, muryarsa a kwance kamar mai karanta labarai, ya ce an sami 'yar matsala a na'urar sauko da tayoyi, za su bi hanya ta biyu. Can sai ga ƙarar, amma ba wadda na saba ba. Babu gurnani, faɗuwa ce kawai kamar an saki buhu daga bene, kuma ɗaya bayan ɗaya. Mun sauka lafiya, motocin kwana-kwana na biye da mu, amma jirgin ya tsaya cak a kan titi har sai da wata mota ta zo ta ja mu.

Mece ce wannan hanya ta biyu? In abin da ke tura tayoyin ya mutu, me ya tura su? Wanda ke zaune kusa da ni ya rantse wai akwai mutumin da ke shiga ƙarƙashin jirgi ya wana su da hannu. Haka ne? Kuma tunda tayoyin sun fito, me ya sa aka ja mu?

Tsohon Makaniki:

Wa alaikumus salam. Barka da arziki, ɗana. Shekara 31 na yi ina shiga ramin tayoyin jirage da tocila a baki kafin gwiwoyina su ce sun gaji, to bari in gaya maka abin da hannuna ya taɓa.

Ka ce me ya tura su. Babu abin da ya tura su. Ƙafar jirgi dama ƙasa take so, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ƙafa ɗaya ta manyan jiragen nan masu dogon zango, da tayoyinta da birkinta, ta fi mota nauyi. Inda haidrolik, wato man da famfo ke matsawa ya tura ƙarfe, ke shan wahala shi ne wajen ɗaga ta bayan an tashi. Da ta shige raminta, wata ƙugiya ta ƙarfe ce ke cafke ta, daga nan a yawancin manyan jirage ma ana yanke matsin man daga layin ƙafafun gaba ɗaya. Wato duk tsawon tafiyar da kake barci ko kallon gajimare, ƙafafun a rataye suke a jikin ƙugiyar da tafin hannunka zai kusa rufe ta. Ranar da na fara ganin wannan ƙugiya ina yaron shago sai da na tambayi maigidana ko akwai wata a ɓoye. Ya yi dariya ya ce in je in ɗauko giris.

A rana ta yau da kullum, matuƙi ya saukar da liba, bawul ya buɗe, mai ya shigo da matsin fam 3000 a kowane murabba'in inci. Wasu sababbi irin su A380 da Boeing 787 har 5000 suke kaiwa. Man ne zai buɗe ƙofofin ramin, ya saki ƙugiya, ya rako ƙafar ƙasa a hankali, ya kulle ta, sannan ya mayar da ƙofofin. Gurnanin da ka saba ji ke nan. Ka lura, yawancin aikin nasa rakiya ce da tsari, don kada ƙafar ta faɗo da ƙarfi ko ta doki ƙofa.

To idan tiyo ya fashe man ya tsiyaye, ko famfo ya mutu, ko bawul ya maƙale, abu biyu kawai ake bukata. A buɗe wa man da ya rage a cikin silinda hanya ya koma tanki, don in ba haka ba zai tokare ƙafar, kamar ka toshe bakin sirinji da yatsa ka ce za ka danna. Sannan a buɗe ƙugiyar ta wata hanyar da ba ruwanta da haidrolik. Shi ke nan. Sauran aikin na nauyi ne da iska.

Yadda ake buɗe ƙugiyar ne kowane kamfani yake da nasa ra'ayi. A Boeing 737, wanda na fi daɗewa a kansa, akwai 'yar ƙofa a daɓen ɗakin matuƙa, a bayan kujerar mataimaki. In ka ɗaga ta za ka ga mariƙi uku: na ƙafar dama, na hanci, na ƙafar hagu. Kowanne waya ce ta ƙarfe a jikinsa, irin ta birkin keke amma mai kauri, ta bi ta kan ƙananan gargare har ta kai ga ƙugiyar. Mataimaki zai tura kujerarsa baya, ya sunkuya, ya ja mariƙin kamar kamu guda ko fiye, har ya ji ya tsaya. Ɗaya bayan ɗaya yake ja, shi ya sa mai sauraro zai ji faɗuwa a rarrabe kamar yadda ka ji. Ba lantarki, ba mai, ba kwamfuta. Ko duk fitilun jirgin sun mutu wannan waya tana nan. Ni dai a raina babu tsarin da ya kai wannan kwanciyar hankali, ko da yake masu Airbus za su ce son kai ne.

A Airbus A320 kuwa wani ɗan hannu ne a ƙarshen teburin da ke tsakanin matuƙan biyu. A ja shi sama a wana shi sau 3. Wanawar ce ke yanke layin haidrolik, ta saki ƙofofi, ta saki ƙafafun, a jere. A Boeing 767 maɓalli ne mai murfi, in an danna sai wani ɗan injin lantarki ya ja ƙugiyoyin.

Maƙwabcin naka bai yi ƙarya duka ba, zamani ne ya wuce shi. A tsofaffi irin Boeing 727, lokacin da ake tafiya da mutum na uku, wato injiniya, a ɗakin matuƙa, shi ne zai durƙusa ya zura abin wanawa a ramukan daɓe ya yi ta juyi yana ƙirga. Amma ko shi makullai yake buɗewa da rufewa, ba ɗaukar nauyin ƙafar yake yi ba.

Saukowa kuma rabin aiki ne. Ƙafar da ta sauko ba ta kulle ba, da jirgi ya ɗora mata nauyi za ta naɗe. Abin da ke kulle ta wani tokari ne mai gaɓa a tsakiya. Miƙe tsaye ka tura gwiwarka baya har ta ƙame: ka ga yanzu ko ba ka sa ƙarfi ba ba za ta lanƙwashe ba, sai in wani ya zo ta baya ya doke ta. Haka tokarin yake. Yana miƙewa ya ɗan wuce tsakiya kaɗan, sai sifirin masu ƙarfi su fizge shi su riƙe a nan. Ƙafar hanci kuma, a yawancin jirage, gaba take naɗewa. Da gangan aka yi haka, don in an sake ta iskar da jirgi ke ketawa ta tura ta baya har ta kulle.

Mu a rumfar gyara muna gwada wannan. Za a ɗora jirgin gaba ɗaya a kan jak uku, tayoyi suna lilo a sama da siminti, a kewaye wurin da igiya, mutum ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa da abin magana a kunne da agogo a hannu. A ɗaga ƙafafu, a kashe famfo, rumfa ta yi tsit. Na ƙasa ya yi kururuwa a kauce. Sai ka ji ƙas, ƙugiya ta saki. Ƙafar takan ɗan yi jim kamar mai tunani, sannan ta taho, tana zuwa tana ƙara gudu, man da ke cikin silinda yana huci, sai gif, jirgin duka ya girgiza a kan jak. Sau ɗari na gani amma kullum sai cikina ya ɗuri ruwa a wannan gif ɗin. Daga nan a duba agogo a gwada da abin da littafi ya ce. Akwai wani jirgi da ya daɗe a ajiye, muka saki ƙafar hagu ta taho kamar tsohuwa mai ciwon baya, ta tsaya saura ƙiris ta kulle. Tsohon giris ne ya bushe ya zama kamar sabulu a cikin gaɓoɓin. Kwana biyu muka yi muna wankewa muna ɗura sabo. A rumfa babu iska mai taimako, to wanda ya kulle a nan zai kulle a sama.

Maganar jan ku da mota: a jirage da yawa layin man da ke ɗaga ƙafafu shi ne ke juya tayar hanci, in ya tafi sitiyari ya tafi. A kan titi a guje ana iya riƙe jirgi da jela da birki, amma shan kwana zuwa wurin ajiya sai da sitiyari. Ga kuma ƙofofin rami, a irin su A320, a buɗe suke zama suna reto tunda babu man da zai rufe su. Sannan kafin a motsa jirgin sai ɗayanmu ya je ya zura ƙusoshin tsaro masu jan ƙyalle a cikin tokaran, yadda ko me ya faru ƙafa ba za ta naɗe ba. Da ka leƙa ta taga da ka ga wani mai riga mai ƙyalli ya shige ƙarƙashin fiffike da gudu. Irina ne.

Matuƙiyar Ƙaramin Jirgi:

Baba, Allah Ya ƙara lafiya, kun yi bayani. Sai dai ku ba ni dama in ɗan ja da ku a wuri ɗaya, don kada mai tambaya ya tafi da cewa kowane jirgi sakin ƙugiya ne kawai. A wajenmu masu ƙananan jirage abin ya bambanta, wani lokacin ma gumi ne sosai.

Piper Arrow da na koyi tuƙi da shi ba shi da ƙugiya sam. Matsin man ne da kansa ke riƙe ƙafafun a sama, saboda haka in mai ya tsiyaye sukan sauko da kansu. Hanyar gaggawarsa 'yar liba ce tsakanin kujeru, ka danna ta ta saki matsin. In wata ƙafa ta yi gardama sai ka rage gudu ka taka jela dama da hagu, jirgi ya yi ta kaɗa ƙugu har ta faɗa wurinta. Wannan ya bi maganarku.

Amma Beechcraft Bonanza injin lantarki ne ke juya ƙafafun ta cikin giya. In ya mutu babu abin da zai faɗo. Akwai ɗan hannu a bayan kujerun gaba, za ka cire birekar injin tukuna, wato makunnin da ke yanke masa wuta, don kada ya farfaɗo ya karya maka yatsu, sannan ka miƙa hannun dama baya ka yi ta wanawa wajen sau 50, hagu na riƙe da jirgi, ido na waje. Kana wanawa kafaɗarka tana jan jirgin gefe ba ka sani ba. Malamina yakan ce in yi 10 in tsaya in duba tsayi da hanya, in sake 10. Na ƙarshen su ne masu tauri, lokacin hannu ya riga ya mutu.

Cessna masu naɗe ƙafa, irin 210, su ne suka fi ba ni tsoro. Ƙafafunsu zuwa baya suke naɗewa, to in za su fito sai sun yo gaba suna karo da iska. Nauyi kaɗai zai bar su suna lilo ne kamar ƙafafun zalɓe. Akwai famfon hannu a tsakanin kujeru, ka zaro sandarsa ka yi ta bugawa. Idan famfon lantarki ne ya mutu, lafiya lau. Idan kuwa man ne ya tsiyaye duka, iska kake bugawa. Wasu ƙananan jiragen jet da na yaƙi kuma kwalbar naitirojin suke ɗauka, a ja mariƙi iskar ta tunkuɗa ƙafafun da ƙarfi. Sau ɗaya ake yi, ba a maimaitawa sai an sauka an sake cika ta.

Abin kunyar da ya taɓa samuna a Arrow: rana tsaka na saukar da liba, na ji ƙafafu sun sauko, na duba fitilu uku kore, babu ko ɗaya. Zuciyata ta yanke. Na fara lalubar littafin gaggawa hannuna na rawa. Malamina bai ce uffan ba, sai ya miƙa yatsa ya kashe fitilun dare. Nan take uku suka haska. Ashe a wannan jirgin in an kunna fitilun dare, koren fitilun ƙafafu sukan dushe don kada su kashe wa matuƙi ido a duhu, da rana kuwa ba ka ganinsu sam. Shi ya kunna su a ɓoye tun muna sama. Har yau ban yafe masa ba, kuma har yau nan nake fara dubawa.

Mai Kujerar Taga:

Na gode Baba, na gode Hajiya. Wallahi da na san waya ce irin ta keke da ban san ko hankalina zai kwanta ko zai ƙara tashi ba. Amma ga abin da ya rage mini. In hanyar ta biyu mai sauƙi ce haka, me ya sa muke ganin hotunan manyan jirage sun sauka a kan cikinsu wuta na tartsatsi? Na taɓa ganin wani na ƙasar Foland, fari da shuɗi, yana jan ciki a cikin kumfa. Su ba su da ƙugiyar ne?

Tsohon Makaniki:

'Yata ta yi gaskiya, na karɓi gyara. Ni ƙananan jirage sai dai in gan su daga nesa.

Ɗana, jirgin da ka gani na kamfanin LOT ne, Boeing 767, ranar 1 ga Nuwamba 2011, daga Newark ta Amurka zuwa Warsaw, da mutum 231 a ciki. Mu makanikai mun daɗe muna tauna labarin nan, don ciwonsa a wurinmu yake.

Ba su daɗe da tashi ba tiyo ya fashe a ƙafar dama, man layin tsakiya ya tsiyaye, wanda shi ne mai kula da ƙafafu. Suka yi shawara da kamfani suka ci gaba da tafiya. Kada ka ga laifinsu a nan: jirgin yana da sauran layuka biyu, man tafiya ya cika tanki ya yi nauyin sauka nan take, kuma ga hanya ta biyu tana jira. Ba a sakin ƙafafu tun da wuri, don in sun sauko ba sa komawa, kuma jan iskar da suke yi zai shanye man kafin a ƙetare teku. Sai da suka iso Warsaw suka ɗaga murfi suka danna maɓallin. Shiru. Suka sake, shiru. Suka yi ta kewaya fiye da awa guda suna magana da injiniyoyin ƙasa, jiragen yaƙi F-16 suka taso suka leƙa suka ce babu ƙafa ko ɗaya a waje. Kyaftin Tadeusz Wrona ya kwantar da jirgin a kan cikinsa da injinansa, aka fitar da kowa, babu wanda ya ji rauni.

Ka tuna na ce a 767 ɗan injin lantarki ne ke jan ƙugiyoyi. To wutar da ke zuwa masa tana bi ta wata bireka mai lamba C829, a can ƙasan allon da ke gefen mataimaki ta baya, kusa da daɓe, inda jaka ko ƙafa ke iya gogarta. An same ta a fice. Ficewarta ba ta kunna wani gargaɗi a gaban matuƙa, kuma littafin gaggawa na lokacin bai ce a duba ta ba. Da aka ɗaga jirgin daga kan titi, aka danna birekar nan, aka taɓa maɓalli, ƙafafu uku suka sauko suka kulle kamar ba abin da ya faru. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Birekar jirgi ba ta fi kan alƙalami ba, in ta fice farin wuyanta kawai ake gani, kuma akwai ɗaruruwansu a ɗakin. Jirgin bai sake tashi ba.

Shi ya sa nake son wayata ta 737. Amma kada in cika baki, ita ma sakin ƙugiya kawai take yi. In taya ta fashe a rami ta maƙale, ko ƙarfe ya lanƙwashe, ko an manta wani abu a ramin, ka ja waya har ta tsinke ƙafa ba za ta zo ba. Kuma ko ta zo tana iya ƙin kullewa. Jirgin Air Canada, shi ma 767, da man tafiya ya ƙare masa a sama a 1983 ya sauka a tsohon sansanin soja na Gimli: sun saki ƙafafu, manyan biyu suka kulle, ta hanci ta ƙi, da suka taɓa ƙasa ta naɗe jirgin ya ja hanci har ya tsaya. Kowa ya fita da ransa.

Ɗan Lantarki:

Oga, tunda kun taɓo ɓangarenmu bari in sa baki. Kullum in fitila ta ƙi kamawa mu ake fara kira, kuma sau da yawa ƙafar lafiyarta ƙalau, mai ba da labarin ne ya yi ƙarya. Ɗan maɓallin da ke jikin tokari ya sha laka, ko waya ta goge, ko ƙwai ya ƙone.

Abin da ke ba ni tsoro a labaran nan, ƙafar da ta ƙi fitowa ba ta cika kashe mutane ba. Neman ta ne ke kashewa. Ranar 29 ga Disamba 1972, jirgin kamfanin Eastern na Amurka mai lamba 401, sabon jirgi ƙirar TriStar, ya zo sauka Miami da dare, fitilar ƙafar hanci ba ta kama ba. Suka koma ƙafa 2000 suka bar jirgi a hannun na'urar tuƙi, kyaftin da mataimaki suka duƙufa a kan 'yar fitilar suna ƙoƙarin zare ta, injiniya ya sauka ƙasan ɗaki zai leƙa ƙafar da ido. An taɓa sitiyari ba a sani ba, na'urar ta daina riƙe tsayi, jirgi ya yi ta zamewa a hankali a cikin duhu har ya shiga fadamar Everglades. Mutum 101 suka rasu. Ƙafar a sauke take, a kulle. Ƙwan fitila ne ya ƙone.

Bayan shekara 6, a Disamba 1978, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin United ya yi ta kewaya birnin Portland na Amurka wajen awa guda kan maganar ƙafar dama da ta faɗo da ƙara fitilarta ba ta kama ba, har mai ya ƙare, ya faɗa unguwa, mutum 10 suka rasu. Daga irin waɗannan ne aka fito da horon da ake yi wa matuƙa yanzu na raba aiki: ɗaya ya tuƙa jirgi kawai, ba ruwansa da fitila, ɗaya ya karanta littafi ya bi layi-layi, kuma ƙarami yana da bakin gaya wa babba cewa mai na ƙarewa. Minti 25 ɗin da mai tambaya ya yi yana kewaya, wannan ake yi a gaba.

A ɓangarenmu ma an gyara. Yanzu kowace ƙafa tana da masu ba da labari biyu a layi dabam-dabam. Tsofaffin 737 har 'yar taga suke da ita a daɓen fasinjoji, a ɗaga kafet a leƙa a ga ko jajayen layukan da ke jikin tokari sun haɗu. A na baya an sa wasu koren fitilu uku na dabam a allon sama.

Matuƙiyar Ƙaramin Jirgi:

Haka ne. Kuma in an wuce ƙasa-ƙasa ta gaban hasumiya don su duba da madubin hange, iyakar abin da za su ce shi ne sun ga ƙafa a waje. Kullewa ba a ganinta daga nesa.

Mai tambaya, in duka sun ƙi, abin da ake koya mana shi ne a ƙone mai ya ragu, a nemi titi mafi tsawo mai 'yan kwana-kwana, a kwantar da jirgi a kan kwalta. Mutane sukan zaci ciyawa ta fi laushi, amma a ciyawa wani ɓangare na iya cakewa a ƙasa jirgi ya wuntsila, a kwalta kuwa zamewa yake yi. Kumfar da ka gani a Warsaw ma wurare da yawa sun daina shimfiɗa ta, sun fi son su adana ta don kashe wuta in ta tashi.

Mai Kujerar Taga:

To Baba, tambaya ta ƙarshe. Ni da ke zaune a taga, akwai yadda zan gane jirgin da na hau mai waya ne ko mai bireka?

Tsohon Makaniki:

Katin da ke aljihun kujerar gabanka yana ɗauke da sunan jirgin, wanda ba ka taɓa karantawa ba. In kuma kana ƙasa jirgi ya tashi ta kanka, ɗaga kai: in ka ga tayoyi biyu baƙaƙe a lafe a cikinsa ba ƙofa a kansu, kamar idanu, to akwai alamar 737 ne, don shi manyan tayoyinsa a waje suke kwana. Amma kada ka je ka ce wa ma'aikaciyar jirgi ta nuna maka mariƙin nan uku ka ce ni na aiko ka.